Shatar Mota a Mubi: Yadda Baƙo Ke Kaiwa Ga Duwatsun Mandara

Tun kafin rana ta ɓullo daga bayan duwatsun da suka yi wa Mubi katanga ta gabas, tashoshin motar garin sun riga sun cika. 'Yan kamasho na ɗaga murya suna kiran Yola da Michika da Maiha, yaran mota na ɗaure buhuna a bayan ƙananan motoci ƙirar Starlet, fasinjoji kuma na zaune a teburin mai shayi suna jiran lodi ya cika. A cikin wannan hada-hada akwai wani ciniki da ake yin sa cikin natsuwa a gefen mota, tsakanin direba da mutum ɗaya ko ayari ɗaya. Shi ne cinikin shata, inda matafiyi ke biyan kuɗin motar gaba ɗaya, ta bi inda yake so, ta tsaya inda ya ce, ta kuma dawo da shi.

Ga ɗan kasuwa ko mai kai amarya, shata hanya ce ta rage ɓata lokaci. Amma ga wanda ya zo Mubi da nufin ganin ƙasar da ke kewaye da ita, kusan ita ce kaɗai mafita. A arewacin garin ne tsaunin Sukur yake, wuri na farko a Najeriya da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Motar haya ta yau da kullum ba ta kai mutum har gindinsa a lokacin da yake so, kuma taswirar waya ba ta faɗa masa wace hanya ce ke biyuwa a wannan makon. Direban shata ne ya san wannan. Don haka duk wata magana ta farfaɗo da yawon buɗe ido a arewacin Adamawa, a ƙarshe tana komawa kan wannan mutum da motarsa.

Gari a bakin iyaka

Mubi na da nisan kimanin kilomita 200 daga Yola, ta hanyar da ta ratsa Girei da Song da Gombi da Hong kafin a kai Mararrabar Mubi. Garin na zaune ne a gaɓar kogin Yedzaram, wanda ke gangarowa daga duwatsun kan iyaka ya nufi arewa zuwa yankin Tafkin Chadi. Fali da Gude na cikin tsofaffin mazauna ƙasar, tare da Fulani da Hausawa da sauran al'ummun da kasuwanci da karatu suka tara.

Tarihin garin ya sha bamban da na yawancin biranen Arewa. Sojojin Jamus ne suka mamaye shi a 1903, ya zama sansaninsu a ƙasar Kamaru ta wancan zamani, kafin Turawan Ingila su ƙwace shi a 1914. Daga nan ya kasance cikin yankin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙon amanarsa, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961, wadda ta sa yankin ya haɗe da Najeriya a ranar 1 ga Yuni na wannan shekara. Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna, ta shiga Jihar Gongola a 1976, sannan Jihar Adamawa a 1991.

A yau garin na ɗauke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga kuma kasuwar shanu da ta yi suna a faɗin ƙasar nan, wadda ake kawo wa dabbobi daga Kamaru da Chadi ana lodinsu zuwa Kudu. Waɗannan abubuwa uku ne ke kawo wa Mubi baƙi a kullum: malamai da ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima, fatake, da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Daga cikinsu ne ake samun masu sha'awar keɓe yini ɗaya ko biyu domin su ga abin da ke bayan gari.

A can makulli ake miƙawa, a nan direba ake ɗauka

A ƙasashen da yawon buɗe ido ya kafu, hayar mota sana'a ce mai ofis da takardu. Wanda ya sauka a birnin Fulorens na Italiya yana son zaga yankin Tuskani, zai nuna lasin tuƙinsa da katin banki, ya sa hannu a takardar inshora, a miƙa masa makulli ya tuƙa kansa zuwa Siena ko Pisa. Babbar fargabarsa ita ce kada ya kutsa tsakiyar tsofaffin garuruwa inda aka taƙaita shigar motoci, domin kyamara za ta ɗauki lambar motar, tara ta biyo shi har gida.

A Mubi lamarin ba haka yake ba. Mai mota ba ya sakar wa baƙo makulli, baƙon ma da ya san ciwon kansa ba zai nema ba. Ko a Abuja da Legas, inda kamfanonin hayar mota suke, yawanci da direba ake ba da motar. A yankin da ke da shingayen bincike, da hanyoyin da damina ke sauya wa kamanni, da harsuna da dama a tsakanin gari da gari, direban shi ne rabin abin da ake biya. Shi ne zai gaisa da jami'in tsaro da Hausa, ya tambayi dattijo hanya da Fulatanci, ya kuma gane daga yanayin kasuwar ƙauye ko ya dace a wuce ko a juya. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Hanyar da ta fi inganci wajen samun irin wannan direba ita ce ta ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke tasha, ko ta hannun masaukin da baƙo ya sauka, ko wani amintaccen mazaunin gari. Amfanin bin ta ƙungiya shi ne an san direban, an san motarsa, akwai kuma wanda za a kai wa ƙara idan aka samu saɓani. Mai tsayar da mota a bakin titi ya yi ciniki da wanda bai sani ba, ya rage kuɗi ne ya ƙara wa kansa kasada.

Ba a rubuta farashin shata a allo. Direba kan fara lissafi ne daga abin da zai samu da a ce ya cika kujerunsa da fasinjoji zuwa da dawowa, sannan ya ɗora kuɗin jira da na wahalar hanya. Abubuwan da ya kamata a daddale tun kafin a tada mota sanannu ne: wa zai sayi mai, awa nawa za a yi, ina ne iyakar inda motar za ta kai, wa zai ɗauki nauyin abinci da makwancin direba idan kwana ya kama, kuma yaya za a yi idan mota ta lalace a hanya. Yawancin rigimar da ke tashi da yamma, asalinta maganar da ba a ƙarasa ba ce da safe.

Man fetur shi ne jigon wannan lissafi. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura Naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar nan. Garuruwan kan iyaka kuma sun gamu da tasu ƙarin matsalar a watan Nuwambar 2019, lokacin da Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, domin daƙile safararsa zuwa maƙwabta. Wannan ya sa direban da ya san aikinsa kan cika tanki kafin ya bar gari, maimakon ya dogara da 'yan bumburutu a hanya, inda ake iya cin karo da gurɓataccen mai a farashi mai tsada.

Haka nan duba lafiyar motar haƙƙin matafiyi ne, ba rashin kunya ba. Birki da tayoyi da safaya da jak da ruwan lagireto, duk abubuwa ne da za a nema a kan dutse inda babu bakanike ko mai faci a kusa. Ƙaramar mota na iya wadatarwa da rani a kan kwalta, amma ga hanyoyin ƙauye bayan ruwan sama, mota mai tsayi irin Hilux ta fi kwanciyar hankali, ko da kuɗinta ya fi yawa.

Hanyar arewa: Uba, Michika, Gulak

Tafiyar da ta fi jan hankalin baƙi ita ce ta arewa. Daga Mubi ana fita zuwa Uba, garin da iyakar Adamawa da Borno ta raba biyu, a hau babbar hanyar da ta taso daga Yola ta nufi Gwoza da Bama. Daga nan duwatsun Mandara na rakiyar matafiyi ta hannun dama, wani lokaci su matso har kamar za a taɓa, wani lokaci su ja da baya su bar fili ga gonakin dawa da masara da gyaɗa.

Bayan Bazza sai Michika, cibiyar al'ummar Kamwe, waɗanda suka shahara da kasuwanci a biranen Arewa. 'Yan'uwansu ne ake kira Kapsiki a ɓangaren Kamaru. A gabashin Michika, wajen Kamale, akwai dogayen duwatsu masu tsini da suka miƙe sama tamkar an kafa su da hannu. Burbushin tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, irin waɗanda suka sa garin Rhumsiki na Kamaru, da ke can tsallaken iyaka, ya yi suna a wajen masu yawon buɗe ido na Turai shekaru da dama.

Wannan hanya tana ɗauke da tabon abin da ya faru a 2014. A watan Satumba na shekarar mayaƙan Boko Haram suka kama Gulak da Michika, a ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi kanta, suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Dubban mutane suka tsere, wasu zuwa Yola, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru. A tsakiyar Nuwamba sojoji tare da mafarauta da 'yan banga suka ƙwato Mubi, sauran garuruwan kuma suka biyo baya a farkon 2015. An karya gadoji a wannan hanya a lokacin rikicin, ciki har da ta Kudzum, kuma shekaru da dama bayan haka motoci ta cikin rafi suke ratsawa da rani, da damina kuwa a sauke fasinja a wannan gaɓa wata motar ta ɗauke shi a waccan. Direbobin da suka yi aiki a waɗannan shekaru sun san kowace mashiga da kowane kwazazzabo, kuma wannan sani shi ne jarinsu a yau.

Daga Michika ana isa Gulak, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Madagali kuma mahaifar Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri. A da, ƙananan hukumomi biyar ne ke ƙarƙashin Masarautar Mubi, wato Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha da Michika da Madagali. A watan Disambar 2024 gwamnatin jihar ta ƙirƙiro sababbin masarautu bakwai, aka bai wa Michika da Madagali da Maiha nasu. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne ga matafiyi, domin al'adar yankin ita ce baƙo ya fara kai gaisuwa ga masu ƙasa kafin ya shiga ƙauyukansu da kyamara.

Inda mota ke tsayawa

A gindin tsaunin Sukur aikin mota ke ƙarewa. Daga nan sai ƙafa. Matafiyi zai bi wata tsohuwar hanya da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, ya yi ta hawa har ya kai saman tudun da ya haura mita 1,000 daga doron teku. Hawan na buƙatar ƙarfi da ruwan sha da takalmi mai kyau, shi ya sa ake so a fara shi da sanyin safiya. A nan ne yarjejeniyar jira da aka ƙulla da direba ke nuna amfaninta, domin wanda ya hau ba ya saukowa cikin awa ɗaya ko biyu.

A 1999 UNESCO ta amince da Sukur. Kurmin Osun da ke Osogbo, wanda shi ne na biyu a Najeriya, sai a 2005 ya samu shiga. Abin da ya jawo wa Sukur wannan matsayi ba gini ɗaya ba ne, tsarin rayuwa ne gaba ɗaya da aka gina da dutse ba tare da siminti ba. A sama akwai gidan Hidi, sarkin Sukur, da katangunsa da ƙofofinsa na jeren duwatsu. A jikin tsaunin akwai gonaki hawa-hawa da aka datse da duwatsu domin riƙe ƙasa da ruwa. A cikin gidaje akwai rumbuna, da ramukan da aka gina ana ajiye bijimi a ciki ana kiwata shi. Akwai kuma kufan wuraren narkar da tama, domin a da Sukur babbar cibiya ce ta samar da ƙarfe, inda ake sayar wa mutanen ƙasa sandunan ƙarfe da fartanya.

Mutanen tsaunin sun ga jarrabawa iri-iri. A farkon ƙarni na 20 sun sha hare-haren Hamman Yaji, mai sarautar Madagali, wanda ya bar kundin da ya riƙa rubuta ayyukansa a ciki daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. A ƙarshen 2014 kuma Boko Haram ta hau tsaunin, ta ƙona gidaje da sassan fadar Hidi, ta kwashe dabbobi da abinci. Jama'ar sun koma, sun sake yin jinka, sun gyara abin da ya rushe. A 2018 wata gidauniyar kare wuraren tarihi ta duniya mai cibiya a Amurka ta sanya Sukur cikin wuraren da ke buƙatar kulawar gaggawa. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke da alhakin wurin, kuma tuntuɓar jami'anta kafin tafiya na sauƙaƙa samun ɗan rakiya da izinin shiga.

Ya kamata baƙo ya tuna cewa Sukur gari ne mai rai, da wuraren ibadar gargajiya da maƙabartu da ba kowa ke taka su ba. Ɗan rakiya ne zai nuna masa inda zai tsaya da abin da zai ɗauki hotonsa. Abin da ya bari a hannun ɗan rakiyar, da abin da ya saya na saƙa ko ƙira, shi ne ɗan rabon da mutanen tsaunin ke samu daga sunan da ƙasarsu ta yi a duniya.

Kudu da gabas

Wanda ba shi da yini guda cur, ko wanda aka ba shi shawarar kada ya nufi arewa a wannan lokaci, yana da zaɓi a kusa. Hanyar Gella, hedikwatar Mubi ta Kudu, da ta Sahuda da ke bakin iyaka, na ratsa ƙasar Gude mai tuddai da kwaruruka, inda ake cin kasuwa da Naira da sefa a lokaci guda. Hanyar Maiha kuma na kai wa ƙasar Nzanyi, ta zarce har Belel. A yamma akwai Hong, ƙasar Kilba, da manyan duwatsunta da ke tsaye a bakin hanyar Yola.

A batun tsallaka iyaka kuwa, akwai abin lura. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka takardun mota da inshorar da ke aiki a hanyar Jamhuriyar Benin ko Ghana ba su wadatar a can. Direbobin shata da dama kan tsaya ne a bakin iyaka, matafiyi ya kammala da jami'an shige da fice, ya nemi wata motar a ɗaya ɓangaren. Shi ma yawon buɗe idon Arewa Mai Nisa ta Kamaru ya durƙushe tun bayan sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da gandun dajin Waza a watan Fabrairun 2013. Ke nan ɓangarorin duwatsun biyu ciwo ɗaya ke damun su.

Lokaci da tsaro

Yanayi na da tasa rawar. A tsakiyar damina, musamman watan Agusta, rafuka kan cika cikin ƙanƙanin lokaci su datse hanyoyin ƙauye. Da hunturu kuma hazo kan lulluɓe duwatsun har mutum ya kasa hango abin da ya zo gani. Lokacin kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya fi dacewa: ƙasa ta fara bushewa, tsaunuka na nan da ɗanyen ganye, dawa kuma ta nuna a gonakin hawa-hawa.

Tsaro ya inganta ƙwarai idan aka kwatanta da shekaru goma da suka wuce. Makarantu na karatu, kasuwanni na ci, motoci na kai da kawowa tsakanin Mubi da Madagali. Sai dai har yanzu ana samun hare-hare jefi-jefi a wasu ƙauyukan Madagali da Hong da ke kusa da dajin Sambisa. Saboda haka ƙa'idojin da direbobi ke bi ba su sauya ba: a fita da wuri, a dawo kafin faɗuwar rana, a riƙe katin shaida, a sauke gilashi a shingen bincike, kada a ɗauki hoton jami'an tsaro ko sansaninsu. Ana kuma so matafiyi ya riƙe tsabar kuɗi daidai buƙata, domin sabis na waya kan ɗauke a tsakanin duwatsu, kuma ya sanar da wani a gari inda ya nufa da lambar motar da ya shiga. Idan direba ya ce yau ba za a wuce wani gari ba, hikima ita ce a saurare shi, domin ba ya ƙin kuɗi haka kawai.

Abin da ya rage

Jihar Adamawa na yi wa kanta kirari da ƙasar kyawawan wurare, kuma hoton Sukur na cikin abubuwan da take nunawa a duk inda aka yi maganar al'adu. Amma tsakanin hoton da tsaunin akwai tafiyar da a yanzu baƙo ke shirya wa kansa, bisa sa'a da kuma wanda ya sani. Gyara wannan ba sai an kashe biliyoyi ba. Hukumomin yawon buɗe ido na jiha za su iya haɗa kai da ƙungiyar direbobi a fitar da jerin direbobin da aka tantance, a sanya farashin da kowa zai gani na zuwa Sukur da Kamale da Sahuda, a kafa alluna a mararrabu, a kuma samar da lambar da matafiyi zai kira ya ji halin da hanya ke ciki. Jami'ar jihar da kwalejin tarayya da ke Mubi na da ɗaliban tarihi da na nazarin ƙasa, 'yan asalin waɗannan garuruwa, da za a iya horarwa su zama 'yan rakiya.

Amfanin hakan ba ga baƙo kaɗai zai tsaya ba. Kowace shata ɗaya na nufin aikin yini ga direba, ciniki ga mai abinci a Michika, da ɗan abin hannu ga matashin da ya zaɓi zama a kan tsauni yana gyara katangar gonar kakanninsa maimakon ya gangaro birni neman aikin ƙarfi. Idan matasan suka watse, babu mai sake jera duwatsun da ruwa ke zubarwa duk damina, kuma takardar UNESCO ba ta jera dutse.

Da la'asar sakaliya, motocin da suka fita tun asuba kan fara dawowa Mubi ɗaya bayan ɗaya, jikinsu ya yi ja da ƙurar hanya. Direba zai sauke baƙonsa a ƙofar masauki, a cika masa ragowar kuɗinsa, a yi musayar lambar waya. Ta wannan lambar ce baƙo na gaba zai same shi, domin har yau ita ce kaɗai rajistar da sana'ar ke da ita.